Ƙofar Shiga Ko Al'adar Gida? 'Yan Jodan Da 'Yan Bahamas A Amurka

Akwai wani bayani da ya yi kaka-gida a nazarin ƙaura, wanda nake ganin an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Bayanin shi ne, idan al'ummomi biyu na 'yan ƙaura suka zauna a ƙasa ɗaya, ɗaya ta yi gaba a samu da ilimi ɗaya tana baya, to a nemi dalilin a cikin al'adar da kowace ta taho da ita daga gida. Thomas Sowell ne ya fi kowa gina wannan ra'ayi, a littattafansa Ethnic America (1981) da Migrations and Cultures (1996). Ba a kan 'yan Jodan da 'yan Bahamas ya gina shi ba, amma da ma'auninsa ake yawan karanta alƙaluman ƙananan al'ummomi irin waɗannan, kuma su biyun sun dace ƙwarai da gwada ingancin ma'aunin.

Tazarar dai ba a musunta ta. Alƙaluman Hukumar Ƙidaya ta Amurka suna nuna cewa masu kiran kansu 'yan asalin Jodan sun fi 'yan asalin Bahamas yawan masu digiri, da matsakaicin kuɗin shiga na gida, da yawan masu zaman kansu a kasuwanci. Mai bin Sowell zai ce ai ga shi nan: Balarabe ya zo da jinin fatauci da riƙon dangi da girmama karatu. Muhawarar zaɓen masu ƙaura da yanayin tarbarsu sananniya ce (Borjas 1987, Portes da Rumbaut 1990, Feliciano 2005), ba sai an maimaita ta ba. Abin da nake son nunawa shi ne, kafin a kai ga al'ada akwai tambayoyin da ba a amsa ba: su wane ne ake ƙirgawa, ta wace ƙofa suka shiga, a wace shekara, kuma da wane launi aka rubuta su da suka iso.

Sunan "ɗan Jodan" kansa ba ya nuni ga jama'a guda. Jodan ta sami 'yanci a 1946, ta haɗe Gaɓar Yamma da Kogin Jodan a 1950, kuma ba ta yanke alaƙar mulki da yankin ba sai a watan Yulin 1988. A tsakanin waɗannan shekaru, mutumin Ramalla ko Baitunya da ya sauka a Shikago da fasfon Jodan ya sauka, haka kuma takardun shige da fice suka rubuta shi. Akwai kuma 'ya'yan ma'aikatan da aka haifa a Kuwaiti, waɗanda rikicin 1990 zuwa 1991 ya tarwatsa iyayensu, lokacin da kimanin mutum 300,000 suka koma Jodan daga ƙasashen Tekun Fasha. Akwai Kiristocin gabashin kogin da suka taru a Yonkers ta jihar Niyok. Ƙidayar 2000 ta sami kusan mutum 40,000 da suka ce asalinsu Jodan ne, ninki biyu na adadin 1990. Al'ummar da ta ninka cikin shekara 10 sabuwa ce, kuma a ƙarƙashin sunanta akwai ɗan gudun hijira da ɗan birnin Amman da ɗan ƙauye. Wace "al'adar Jodan" ce za a ce ta haɗa su ta kuma haifar da matsakaicin samunsu?

Matsalar 'yan Bahamas ta fi wannan, don tasu ƙaurar tsohuwa ce. Tun ƙarni na 19 suke ketarowa zuwa Key West, suna aikin ceto kayan jiragen da suka nutse da tsinkar soson teku. A 1889 Mariah Brown, 'yar tsibirin Eleuthera, ta zo aiki a masaukin Peacock da ke Coconut Grove, kuma unguwar da ta tsiro a kewayen gidanta ta girmi birnin Mayami, wanda aka kafa a 1896, shekarar da layin dogon Henry Flagler ya iso. Raymond Mohl (1987) ya ƙiyasta cewa tsakanin 1900 da 1920 mutum dubu 10 zuwa 12 ne suka bar tsibiran zuwa Fulorida, wato kusan ɗaya bisa biyar na jama'ar ƙasar gaba ɗaya, kuma a 1920 su ne fiye da rabin baƙaƙen fatar Mayami. A lura da wannan kaso da kyau. Idan ɗaya bisa biyar na ƙasa ya tashi, ba zaɓaɓɓu ne suka tashi ba, gari ne ya tashi: manomin abarba da kasuwarsa ta mutu bayan Amurka ta mallaki Hawai, da masunci, da mai wanki, da kafinta. Tsibirin Bimini bai wuce kilomita 80 daga Mayami ba. Tafiya ce ta ci-rani da talaka zai iya yi a jirgin ruwa. Iyayen ɗan wasa Sidney Poitier manoman tumatir ne daga tsibirin Cat, kuma zuwa sayar da tumatir ne ya sa aka haife shi a Mayami a 1927. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 ta toshe wannan hanya, sannan aka sake buɗe wata a 1943, shirin ƙodagon gona na yarjejeniya da ya kai tsakiyar shekarun 1960, wanda ya ɗebi kimanin mutum 30,000 zuwa gonakin Amurka. Ita ma ƙofar leburori ce.

Ƙofar 'yan Jodan ta zo a baya, kuma tana da rariya. Mafi yawansu sun shiga ne bayan dokar shige da fice ta 1965, wadda ta fifita masu ƙwarewa da dangin waɗanda suka riga suka zauna, kuma bayan dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta wariya a wurin aiki. Daga Amman zuwa Shikago sai da biza da kuɗin jirgin sama, sau da yawa da takardar shiga jami'a ko ɗan'uwan da zai tsaya wa mutum. Har yanzu matsin yana aiki ta fuska biyu: rashin aikin yi a Jodan ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekarun nan, yana kora injiniyoyi da likitoci waje, alhali Bahamas, wadda kuɗin shigar ɗan ƙasarta ya ninka na Jodan fiye da sau shida kuma dalarta take daidai da ta Amurka, tana da bankuna da otal-otal da za su riƙe mai digirinta a Nassau. Ƙasar da ta fi talauci ce ke turo masu iliminta. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi hattara da karanta halin ƙasa daga halin 'yan ƙaurarta.

A nan ne Sowell yake da amsa mai ƙarfi, kuma ya cancanci a saurare ta. Tun a 1978 ya yi amfani da ƙidayar 1970 ya nuna cewa baƙaƙen fata 'yan tsibiran Karibiyan sun fi baƙaƙen fata haifaffun Amurka samu, har da 'ya'yansu da aka haifa a can waɗanda mai ɗaukar aiki ba zai bambanta su ta lafazi ba. Hujjarsa ita ce, tunda launi ɗaya ne amma sakamako ya bambanta, ba launi ke yanke hukunci ba. Ya danganta fifikon da tarihin tsibiran, inda bayi suka saba noman abincinsu da sayar da rarar a kasuwa. To 'yan Bahamas 'yan waɗannan tsibirai ne. Idan wariya ba ta hana ɗan Jamaika ba, don me za a ce ita ta hana su?

Amma ai wannan tambaya a kan Sowell take komawa. Duk halayen da ya yaba, 'yan Bahamas sun zo da su. Suna jin Turanci, akasarinsu sun iya karatu, sun san yadda ake noma da gini a kan dutsen farar ƙasa na kudancin Fulorida tun kafin Turawan da suka zo daga arewa su gane kansa. Suna da adashinsu da suke kira asue, ɗan'uwan esusu na Yarabawa, irin tsarin da Ivan Light (1972) ya ce shi ne jarin ƙananan 'yan kasuwa masu ƙaura. Suna da zafin neman gidan kai. E.W.F. Stirrup, kafinta daga Bahamas, ya yi aikin gonar abarba da rana yana gini da dare, ya tara filaye a Coconut Grove, ya gina gidaje fiye da 100 ya sayar ko ya ba 'yan'uwansa haya. Gidansa na katako mai hawa biyu a titin Charles ya zama abin tarihi. Idan tattali da mallakar ƙasa ne mabuɗin, wannan unguwa ta riƙe mabuɗin tun farkon ƙarni na 20. Abin da ya biyo baya shi ne, a unguwarsu aka kafa wurin ƙona sharar birni da ya yi aiki daga 1926 zuwa 1970. Gidaje da yawa ba su da ruwan famfo ko makewayi na zamani har ƙarshen shekarun 1940, sai da Fada Theodore Gibson, wanda shi ma ɗan 'yan Bahamas ne, ya tayar da ƙayar baya. A Overtown kuwa, cibiyar kasuwancin baƙar fatar Mayami, an ratsa babban titin I-95 ta tsakiyarta a shekarun 1960, jama'arta ta faɗo daga kimanin 40,000 zuwa kimanin 10,000. Dukiyar da aka tara ba ta gaza ba, darajarta aka karya da dokar birni da taswirar bankin da ke ware unguwannin da ba za a ba rance ba.

Ɗan Jamaikan da Sowell ya auna kuwa, galibi Niyok ya nufa, bayan doguwar tafiya mai tace mutane. Suzanne Model (2008) ta bi zantukan ɗaya bayan ɗaya ta iske cewa zaɓen wanda ya yi ƙaura ne ya fi bayyana fifikon, ba al'adar tsibiri ba. Bahamas ta zama tamkar gwajin wannan: al'ada makamanciya, rariya mai manyan huji, masauki a Kudu mai wariya, sai sakamako ya sauya. Ɗan Jodan shi kuma ya iske an riga an share masa wata hanya. Tun shari'ar George Dow a 1915 kotu ta amince ɗan Siriya farar fata ne, kuma ƙa'idar gwamnatin tarayya ta 1977 ta sa mutanen Gabas ta Tsakiya cikin farare, ba a ware musu rukuni ba sai a 2024.

Mai bin Sowell zai iya cewa ilimin da aka tace ai shi ma al'ada ce. Na yarda, amma al'adar aji ce, ba ta ƙasa ba, kuma da zarar an amince da haka bayanin ya bar hannunsa.

Sai dai dole in rage faɗin da'awata a wuri ɗaya, don hujja ba ta kai ni inda nake so ba. A tsarin iyali da aikin mata, abin da aka taho da shi daga gida yana da tasirin da ba zan iya jingina wa ƙofar shiga ba. A Jodan matan da ke cikin kasuwar aiki ba su kai ɗaya bisa biyar ba, duk da cewa sun cika jami'o'i. A Bahamas mafi yawan mata suna aiki, kuma gidajen da mace ke riƙe da su suna da yawa. Jen'nan Read (2004) ta nuna cewa matan Larabawa a Amurka suna da ilimi mai zurfi amma shigarsu aiki ba ta kai iliminsu ba. Saboda haka gidan 'yan Jodan ya fi zama na ma'aurata mai 'ya'ya da yawa, na 'yan Bahamas kuma ya fi yiwuwa ya dogara da albashin mace ɗaya, ma'aikaciyar jinya ko malama. Wannan yana shiga cikin alƙaluman kuɗin gida kai tsaye. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, al'ada tana bayyana yadda ake raba aiki a cikin gida. Ga alama ba ta bayyana dalilin da ya sa wani ya iso da digiri wani da adda ba, ko dalilin da ya sa gidan wani ya yi daraja na wani ya faɗi.

Kada kuma matsakaicin samu ya rufe mana ido daga halin da 'yan Jodan da yawa suke ciki. Mai kantin kayan masarufi a kudancin Shikago, wanda yake tsaye bayan gilashin kariya daga safe har tsakar dare, ƙanensa da ɗansa suna karɓarsa ba albashi, yana cikin rukunin "mai zaman kansa" tare da likita mai asibiti. Matsayinsa shi ne wanda Edna Bonacich (1973) ta bayyana: ɗan tsakiya mai sayar wa talakawan da manyan kantuna suka guje wa, mai ɗaukar fushin da ba shi ya haddasa ba. Farar fatar da ke kan takarda ma ba ta kare shi ba bayan harin 11 ga Satumban 2001, don Jodan tana cikin ƙasashen da aka tilasta wa mazansu masu zaman biza yin rajista ta musamman a 2003, kuma Louise Cainkar (2009) ta rubuta irin zaman ɗar-ɗar da Larabawan Shikago suka yi a lokacin.

Akwai kuma waɗanda ba sa bayyana a alƙaluman sam. Tambayar asali a ƙidaya mutum ne ke amsa ta da kansa. Jikan jikan wanda ya zo Mayami a 1910, lauya ne ko direba, mai yiwuwa ya rubuta kansa Ba'amurke baƙar fata, ya fice daga lissafin 'yan Bahamas. Ana gwada al'ummar da ta shekara fiye da 100 tana narkewa cikin wata, da wadda akasarin manyanta a waje aka haife su.

Duk mai son kare bayanin al'ada a kan waɗannan jama'a biyu, aikin da ke gabansa a bayyane yake. Ya ɗauki 'yan Jodan da 'yan Bahamas da suka shiga bayan 1965, da irin biza ɗaya, da matakin ilimi ɗaya, a birni ɗaya, ya auna samun mutum ba na gida ba, sannan ya nuna mana tazarar da ta rage. Har sai an yi wannan, danganta bambancin ga halin Balarabe da halin ɗan tsibiri zato ne, kuma bai kamata mujallun ilimi su ci gaba da karɓarsa a matsayin sakamakon bincike ba.