BABI NA BIYU: TARIHIN YADA ZANGO DA MOTOCIN TAFI-DA-GIDANKA A GANDAYEN DAJI NA AMURKA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda al'adar yada zango da mota a gandayen daji na ƙasar Amurka ta samo asali, da yadda harkokin yau da kullum na masu yada zangon suka riƙa sauyawa. Abin da ake nufi da motar tafi-da-gidanka shi ne mota, ko tirelar da mota ke ja, wadda aka ƙera da wurin kwana da madafa da makewayi a cikinta. Harkokin da za a duba kuwa su ne kamun kifi da kallon namun daji da hira a bakin wuta da yawon ƙafa. An fi ba da ƙarfi ga gandun Yellowstone, domin shi ne na farko, kuma a cikinsa ne aka fi ganin takaddamar da ke tsakanin jin daɗin maziyarta da kare lafiyar daji.

2.1 Kafuwar Gandun Yellowstone da Maziyartan Farko

A ranar 1 ga Maris, 1872 Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a kan dokar da ta keɓe Yellowstone. Faɗin gandun ya kai eka miliyan 2.2, mafi yawansa a jihar Wyoming, sauran kuma ya shiga Montana da Idaho. Kafin wannan lokaci dajin ba kufai ba ne, domin kuwa ƙabilun asali irin su Shoshone da Bannock da Crow da Blackfeet sun daɗe suna farauta da yada zango a cikinsa. Bayan kafa gandun an raba su da wurin, aka tura su yankunan da gwamnati ta ware musu. Ke nan, waɗanda suka fara kwana a wannan daji su ne na farkon waɗanda aka hana.

Maziyartan farko sun kasu gida biyu. Akwai masu hali, waɗanda jirgin ƙasa na kamfanin Northern Pacific ya fara kawowa kusa da ƙofar arewa a shekarar 1883, daga nan keken doki ya zagaya da su, su kwana a otal ko a tantunan haya. Akwai kuma manoma da makiyaya na kusa, waɗanda kan zo da amalankensu da guzurinsu, su sauka duk inda dare ya yi musu. Waɗannan kan harbi nama su gasa, su sari itace, su wanke tufafi a maɓuɓɓugan ruwan zafi, wasu ma su fasa duwatsun bakin maɓuɓɓugan su tafi da su gida a matsayin tsaraba. Ɓarnar ta yi yawa har aka miƙa tsaron gandun ga sojoji a shekarar 1886, kuma ba su bar shi ba sai 1918. Dokar Lacey ta 1894 ce ta tanadi hukunci a kan mai farauta a cikin gandun. Wannan ita ce harka ta farko da aka cire daga ayyukan mai yada zango.

2.2 Shigowar Mota

Kamfanin Ford ya fito da motarsa Model T a shekarar 1908, kuma kafin tsakiyar shekarun 1920 kuɗinta ya sauko ƙasa da dala 300. Wannan ya sa malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa suka iya mallakar mota. Gandun Yosemite da ke Kalifoniya ya buɗe wa motoci ƙofa a 1913, Yellowstone kuwa sai ranar 1 ga Agusta, 1915. Da yake dawaki na firgita da ƙarar inji, ba a daɗe ana haɗa su a hanya ɗaya ba, a 1917 aka maye gurbin kekunan doki da motocin safa.

A ranar 25 ga Agusta, 1916 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa. Dokar ta ɗora wa hukumar nauyi biyu: ta kare daji da namunsa, ta kuma bai wa jama'a damar more su ta hanyar da ba za ta lalata su ga na baya ba. Shugaban hukumar na farko, Stephen Mather, ya fahimci cewa majalisa ba za ta ba da kuɗi ga dajin da ba mai zuwa ba. Saboda haka ya rungumi masu motoci, ya nemi a gyara hanyoyi, aka kuma buɗe musu wuraren sauka.

A wannan zamani mafi yawan mutane tanti suke ɗaurawa a jikin mota. Amma tun a 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya nuna wata mota mai kujerar da ake mayarwa gado, da wurin wanke hannu da abin bahaya. A 1919 masu yawo da mota suka kafa ƙungiya a garin Tampa na jihar Filorida mai suna Tin Can Tourists, wato matafiya masu cin abincin gwangwani, alamarsu kuwa ita ce gwangwanin da suke maƙalawa a murfin lagireto. Haka zalika tafiye-tafiyen da Henry Ford da Thomas Edison da Harvey Firestone suka riƙa yi suna kwana a daji, har Shugaba Harding ya bi su a 1921, sun sa jaridu sun ɗaukaka al'adar, ta daina zama abin da ake dangantawa da marasa galihu.

2.3 Tsara Zango

Da motoci suka yawaita sai illarsu ta bayyana. Kowa na kutsawa da motarsa ƙarƙashin bishiyar da ta yi masa, ya hura wuta inda ya ga dama. Wani masanin cututtukan tsirrai mai suna Emilio Meinecke ya bincika, ya gano cewa tayoyi da sawun mutane suna danne ƙasa, iska da ruwa su kasa kai wa ga saiwa, daga nan bishiya ta mutu a tsaye. A 1932 ya fito da tsarin da ya zama tushen kusan kowane zango na gwamnati: hanya guda mai zagaye wadda ake bi ta fuska ɗaya, kowane masauki da ɗan lungun ajiye mota, da murhu da tebur waɗanda ba a ɗagawa, sa'an nan a girke duwatsu ko gungume don kada mota ta wuce iyaka. Matasan da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗauka aiki ƙarƙashin shirin CCC daga 1933 zuwa 1942 su ne suka gina da yawa daga waɗannan zanguna. Daga nan mai yada zango ya daina zaɓen masaukinsa, sai dai a nuna masa.

A wannan lokaci ne kuma tirelar kwana ta zama hajar kasuwa. Arthur Sherman ya fara sayar da tirelarsa mai bangon katako a Detroit a farkon shekarun 1930, Wally Byam kuma ya fito da tirelar Airstream Clipper ta alminiyam a 1936. Sai dai ya kamata a lura cewa ba kowa ne ya sami wannan dama ba. A gandun Shenandoah na jihar Virginia an ware wa baƙaƙen fata zango na daban a Lewis Mountain daga ƙarshen shekarun 1930, kuma wariyar ba ta kau gaba ɗaya a gandun ba sai 1950.

2.4 Bunƙasa Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Bayan yaƙi albashi ya ƙaru, ma'aikata da yawa suka sami hutun shekara, mai kuma yana da araha. A 1948 maziyartan Yellowstone suka haura miliyan 1 a karon farko, alhali kayan aikin gandun na tun kafin yaƙi ne. Don haka shugaban hukumar, Conrad Wirth, ya ƙaddamar da shirin shekara goma mai suna Mission 66 a 1956, wanda ya ci kimanin dala biliyan 1 wajen gina hanyoyi da zanguna da makewayai da cibiyoyin karɓar baƙi fiye da 100. A cikin shekarar 1956 ɗin ce kuma Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi.

Kamfanin Winnebago, wanda aka kafa a garin Forest City na jihar Iowa a 1958, ya fara ƙera mota mai haɗe da ɗaki a 1966, a kan kuɗin da ya yi ƙasa ƙwarai da na abokan gasarsa. Irin wannan mota na buƙatar lantarki da ruwan famfo da wurin zubar da ƙazanta, abubuwan da zangunan gwamnati ba su cika tanada ba. Wannan giɓi ne 'yan kasuwa suka cike. A 1962 Dave Drum ya buɗe zangon haya a bakin kogin Yellowstone a garin Billings domin matafiya masu zuwa bikin baje koli na duniya a Seattle, daga nan kamfanin KOA ya samo asali. Wannan shi ne dalilin da ya sa da yawa daga masu manyan motoci suke kwana a wajen gandu, a garuruwan bakin ƙofa irin su West Yellowstone da Gardiner da Cody, su shiga da safe su fito da yamma. A cikin Yellowstone kansa zangon Fishing Bridge ne kaɗai ke da lantarki da ruwa da magudanar ƙazanta a kowane masauki, kuma ba a yarda da tanti a cikinsa saboda hatsarin namun daji.

2.5 Sauyin Harkokin Yau da Kullum

2.5.1 Kallon Namun Daji

Dabbar da ta fi jan hankalin maziyarta ita ce beya, wata ƙaƙƙarfar dabba mai gashi da farata wadda ke cin nama da tsirrai. A shekarun 1920 da 1930 hukuma da kanta ta shirya wuraren zama kusa da juji domin mutane su kalli beya tana cin sauran abincin otal. An daina wannan a farkon shekarun 1940, amma maziyarta suka ci gaba da miƙa wa dabbar abinci ta tagar mota. Masu iya magana kan ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Dabbar ta daina tsoron mutum, ta riƙa fasa akwatunan abinci a zango. Daga 1931 zuwa 1969 beya kan raunata kimanin mutum 48 a kowace shekara a Yellowstone. A watan Agusta na 1967 kuma, a gandun Glacier, beya biyu daban-daban suka kashe 'yan mata biyu a dare ɗaya. A 1970 Yellowstone ya tsaurara doka: aka rufe jujin, aka hana ciyarwa, aka kawo kwandunan shara da dabba ba ta iya buɗewa. Matakin ya jawo gardama, domin masana biyu 'yan'uwan juna, John da Frank Craighead, sun yi gargaɗin cewa rufe jujin farat ɗaya zai tura dabbobin cikin zanguna. An kashe beya da dama a shekarun da suka biyo baya, har aka sa nau'in grizzly cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana a 1975. Amma daga bisani raunata mutane ya ragu zuwa kimanin mutum 1 a shekara. Dokar yanzu ta ce a bar tazarar yadi 100 tsakanin mutum da beya ko kyarkeci, da yadi 25 tsakaninsa da ɓauna. Tun da aka maido da kyarketai gandun a 1995, sammako zuwa kwarin Lamar da madubin hangen nesa ya zama babbar harka.

2.5.2 Kamun Kifi

Daga 1889 hukumomi suka riƙa zuba baƙin kifaye a kogunan gandun domin faranta wa masu fatsa, ba su daina ba sai tsakiyar shekarun 1950. A da mutane kan yi sahu a kan gadar Fishing Bridge suna jefa ƙugiya, alhali ƙarƙashinta ne kifin asali na wurin ke bi ya je ya yi ƙwai. A 1973 aka hana kamun kifi a kan gadar, sunan kawai ya rage. A 1994 aka gano wani baƙon kifi a tabkin Yellowstone yana cinye na asali. Saboda haka doka ta kasu biyu: wanda ya kama kifin asali dole ya mayar da shi ruwa da rai, wanda kuwa ya kama wancan baƙon a tabkin dole ya kashe shi.

2.5.3 Hira a Bakin Wuta

A 1920 aka fara shirin jagorar maziyarta a Yosemite, inda Harold Bryant da Loye Miller suka riƙa fita da mutane yawon ƙafa da rana, da dare kuma a taru a bakin wuta a yi bayanin tsuntsaye da bishiyoyi. Wannan al'ada ta ɗore har yau. Wadda ba ta ɗore ba ita ce ta turo garwashi daga ƙololuwar dutsen Glacier Point ya zubo kamar ruwa, jama'a na kallo daga kwari. An hana ta a watan Janairu na 1968, domin taron 'yan kallo na tattake ciyayi, kuma abin ba shi da alaƙa da halittar wurin.

2.5.4 Yawo a Maɓuɓɓugan Ruwan Zafi

Maziyartan da kan jefa kwabbai da hankici a cikin maɓuɓɓugai don su ga abin da zai faru. Tarkacen ya toshe wasu, ya kuma rage zafin tafkin Morning Glory har launinsa ya sauya. A yau doka ta tilasta wa kowa bin gadojin katako da aka shimfiɗa, saboda ƙasar wurin ɓawo ce kawai a kan tafasasshen ruwa.

2.6 Naɗewa

Idan aka yi la'akari da abubuwan da suka gabata, za a ga cewa ɗakin mai yada zango yana ƙara jin daɗi, amma abin da aka yarda ya taɓa a waje yana ƙara raguwa. Mutumin 1880 ya kwana a ƙasa, ya yi farauta, ya sari itace. Na yau yana kwana a katifa da firji a gefensa, amma an ƙayyade masa lokacin kunna janareto da kwanakin da zai yi da tazarar da zai bari tsakaninsa da dabba. Galibin dokokin nan bayan ɓarna aka yi su, ba kafinta ba. Matsalar kuwa ba ta ƙare ba, domin a 2021 masana'antu sun fitar da motocin tafi-da-gidanka kimanin 600,000 a shekara guda, Yellowstone kuma ya karɓi ziyara kusan miliyan 4.9. Nauyi biyun nan da dokar 1916 ta ɗora wa hukuma suna nan suna ja-in-ja. A babi na gaba za a duba yadda garuruwan bakin ƙofa suka dogara da waɗannan maziyarta wajen neman abinci.