Karnusti: filin golf ɗin da ya ƙwace kofi daga hannun Bafaranshe

Yau mun ajiye kokowa da balo, za mu kai ku bakin teku a ƙasar Sikotilan, wadda muka sani a lakkol da sunan Ekos. Can akwai wani ƙaramin gari, Karnusti, da filin golf ɗinsa da manyan ƴan wasa ke tsoro.

Ga wanda bai san wasan ba: ana buga ƴar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ramuka 18 ne, a zagaya su sau huɗu cikin kwana huɗu, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gwani. Babbar gasar Birtaniya, The Open, an soma ta tun 1860, kofinta kuwa buta ce ta azurfa. Sau takwas Karnusti ya karɓi baƙuncinta. Iskar teku ba ta da alƙibla a wurin, ga ciyawa mai tsawo, ga wani rafi da ake kira Barry Burn da ke ratsa ramuka biyu na ƙarshe yana murɗewa kamar maciji.

Na farko a 1931 Tommy Armour ya ci, mutumin da ya rasa ganin ido ɗaya a yaƙin duniya na farko. Henry Cotton ya biyo a 1937. A 1953 sai ga Ben Hogan daga Amurka, shekara huɗu bayan hatsarin mota da ya kusa kashe shi. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga wannan gasa a rayuwarsa, ya zo ya ɗauki butar, bai sake dawowa ba. Gary Player na Afirka ta Kudu ya ci a 1968, Tom Watson a 1975. Daga nan filin ya yi shekara 24 ba a kawo gasar ba.

To, 1999 ce muke so mu tsaya a kanta. A shekarar filin ya yi tsanani har Sergio García, yaro ɗan shekara 19, ya yi bugu 89 ranar farko, ya ƙare gasar yana kuka a jikin mahaifiyarsa. Amma wani Bafaranshe da ba a sa shi cikin lissafi ba, Jean Van de Velde, ya yi ta wucewa gaba. Tun Arnaud Massy a 1907 babu ɗan Faransa da ya taɓa butar nan.

Ranar Lahadi 18 ga Yuli ya iso ramin ƙarshe da ratar bugu uku. Ramin na bugu huɗu ne. Ko shida ya yi, kofi nasa ne. Jama'a, shida fa! Maimakon ya lallaɓa kaɗan-kaɗan, sai ya ɗauko babbar sanda. Bugun farko ya karkace dama, Allah ya tsare bai faɗa ruwa ba. Nan ne a ganinmu ya kamata ya hankalta. Ina! Ya sake neman nesa, ƙwallo ta daki ƙarfen wurin zaman ƴan kallo ta dawo baya cikin ciyawa. Bugu na uku, cikin rafi.

Sai mutumin nan ya tuɓe takalma da safa, ya naɗe wando, ya shiga ruwa, duniya na kallonsa a tele. Ya tsaya yana duban ƙwallo, ruwa na ƙaruwa a kanta. Daga baya ya haƙura ya fito, aka ƙara masa bugu ɗaya na tara. Na biyar ya faɗa ramin rairayi, na shida ya fito, na bakwai ya shiga. A yi masa adalci: wannan na bakwai, da zuciyar da ta riga ta karye, ba kowa zai jefa shi ba.

Sai suka zama su uku kunnen doki, shi da Justin Leonard da Paul Lawrie, aka ƙara ramuka huɗu na raba gardama. Lawrie, ɗan ƙasa daga Abadin, wanda ya wayi gari ana gabansa da bugu goma, shi ya tafi da butar.

Rafin bai daina ba. A 2007 Pádraig Harrington na Ailan ya jefa ƙwallo cikinsa sau biyu a wannan rami, ya yi shida. García, wanda ya yi kuka a 1999, yana da bugu ɗaya ya ci kofi, ƙwallo ta lashi bakin rami ta wuce. Harrington ya doke shi a raba gardama. A 2018 Francesco Molinari ya zama ɗan Italiya na farko da ya ci babbar gasa, yana buga ranar ƙarshe tare da Tiger Woods. Ɗan Faransa dai, a gasar maza, har yanzu sunan Massy ne kaɗai a jikin butar.