Kafin Yaro Ya Cilla Garma Sama

Samarin da ke ɗora bidiyon alkafura a TikTok, daga Kazaure har Babura, gani suke da su aka fara wannan abu. Ba na ganin laifinsu sosai, domin babu wanda ya zaunar da su ya ce musu tun Jigawa tana cikin Kano, kafin 1991, ƙasar nan cike take da masu cin abinci da jikinsu: 'yan hoto, 'yan tauri, gardawa masu kura da biri da maciji. Ƙarfin jiki da zuciya yaran yau suna da su. Abin da suka rasa shi ne zama a hannun ubangida, kuma mu da muka tsufa a cikin sana'ar mun san a kansa komai ya tsaya.

Wasan 'yan hoto, masu cilla garma sama su tare, na kaka ne, idan an kai amfani gida, ana kalankuwa, aljihun manomi da nauyi. Yaron da aka danƙa wa ɗan hoto ba ya taɓa garmar wasa da wuri. Kaya zai ɗauka, ya share fili, ya tsince kuɗin da aka watsa, ya zauna gefen makaɗi har kunnensa ya rarrabe inda ganga ke cewa a cilla da inda take cewa a tare. Sannan a kai shi cikin rairayi ya koyi faɗuwa, domin wanda bai iya faɗuwa ba, ba a barinsa ya tashi sama. Garma ƙarfe ce, tana da nauyi, tana da baki. Babban aikin ubangida shi ne ya dubi idon yaro ya ce, “Yau ba za ka shiga ba,” ko da fili ya cika, ko da makaɗi na ta zuga shi da kirari. Waya ba ta iya faɗa wa yaro haka. Ita kullum ƙari take nema.

Malamai sun ce sana'ar cike take da layu da tsafi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Gardi da magani yake cin kasuwa, kura tara masa jama'a kawai take yi. To amma duk wanda ya san cikin abin ya san laya ba ta tare garma. Maimaici ne na shekaru, da sanin nauyin ƙarfe a tafin hannu. Masu sana'ar da kansu suka ɓoye wannan wahala a bayan asiri don kwarjini, shi ya sa da wa'azi ya yi ƙarfi tun daga ƙarshen shekarun 1970, iyaye suka janye 'ya'yansu, aka zubar da horon tare da layun. Da an fito an ce horo ne, da malami bai sami abin hanawa ba, kuma da an rage masu karyewa, domin yaron da ya dogara da laya shi ne ke yin abin da jikinsa bai kai ba.

Maganar dabbobi kuwa ba zan kare ta ba. Tun da Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ya ɗauki hotunan gardawan kura a 2005, duniya ta san mu da takunkumi da sarƙa, ba ta taɓa jin labarin ɗan hoto ba, kuma wannan yana min ciwo. A Amurka ma babban kamfanin wasan Ringling ya rufe a 2017, ya dawo a 2023 ba dabba ko ɗaya. Ingila ta hana yawo da namun daji don wasa daga 2020. A bar kura a dajinta. Wasan hoto da alkafura ba sa bukatarta.

Saura masu cewa wurin yaro makaranta ne. Haka ne, sai dai wa ya ce sai an zaɓi ɗaya? A Habasha an kafa ƙungiyar wasannin yara a Addis Ababa a 1991. A Gini, Circus Baobab ta tashi a Konakiri a 1998, a kan tsalle-tsalle da kaɗe-kaɗen gargajiyarsu, har yaranta suka zaga Turai. Nan kusa, 'yan Koroso na Kano sun rayu ne saboda Hukumar Tarihi da Al'adu ta riƙe su. Abin da ake bukata a Kanya Babba ko Roni ko Gwiwa bai kai haka ba: filin firamare bayan la'asar a lokacin rani, tulin rairayi, makaɗi guda, da ɗan alawus ga duk tsohon ɗan hoto da ya rage, a ba shi ikon cewa wane ya shiga, wane ya jira baɗi.