Gidan Makama da Rabon Wudil a Cikinsa

Kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano a 1463, sarautar Makama yake riƙe da ita, kuma gidan da aka gina masa a wancan matsayi shi ne har yau ake kira Gidan Makama. Daga nan ne, bayan ya zama sarki, ya sa aka gina babbar fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya ƙaura. Tsakanin gidajen biyu 'yar tafiyar ƙafa ce ta wajen Ƙofar Kudu. Sarkin da ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya shigo da kakaki da figini cikin adon sarauta, ya kuma karɓi baƙuncin Shehu Magili, a wannan gida ya fara koyon mulki. Ya yi sarauta har 1499.

Gidan ya ci gaba da zama na duk wanda aka naɗa Makama, kuma ta nan ne Wudil ta shigo cikin labarin. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, sarautar ta koma hannun Joɓawa, zuriyar Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a ƙasar Kano, waɗanda tushensu ke Utai a ƙasar Wudil. Makama na cikin manyan hakimai huɗu masu zaɓen sarki, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Maituta. Da Turawa suka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, suka ce kowane hakimi ya bar birni ya tare a ƙasarsa, Makama Wudil ya nufa. Tun daga lokacin sarautar ta zama mai gida biyu: ɗaya a bakin kogi, ɗaya a gindin fada.

Mutumin Wudil da ya shiga wannan gida, saboda haka, gidan hakiminsa ya shiga. Abin takaici, yara da yawa a garin sun girma ba wanda ya taɓa gaya musu haka, alhali tafiyar ba ta wuce kilomita 40 da 'yan kai ba a kan titin Maiduguri.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta ci Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Turawan sun yi amfani da Gidan Makama a matsayin ofis na ɗan lokaci kafin su koma Nasarawa. Daga baya aka raba gidan uku: wani sashe ya zama makarantar firamare, wani ya ci gaba da zama masaukin Makama, na ukun kuma shi ne ya zama gidan tarihi.

Yadda aka yi ya zama gidan tarihi yana da nasaba da wani malamin zane Bature, Kenneth Murray, wanda ya zo Nijeriya a 1927. Ya damu ƙwarai da yadda kayan tarihi ke ruɓewa ko a yi waje da su, ya yi ta rubuce-rubuce har gwamnati ta ba shi aikin kula da su a 1943. An buɗe gidan tarihi na farko a Esie a 1945, na Jos a 1952, na Legas a 1957. Dokar kayan tarihi ta 1953 ta ba da ikon killace gine-gine, kuma a ƙarƙashinta aka ayyana Gidan Makama cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, ana dab da samun 'yancin kai. Abin da ya bambanta shi da na Jos da na Legas shi ne ba a yi masa sabon gini ba. Ginin da kansa shi ne babban abin kallo. Tun 1979 yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar.

Duk wanda ya shigo daga zafin titi, sanyin ɗakunan ne zai fara tarbarsa. Katangun tubali ne masu kauri, an shafe su da makuba. Ya ɗaga kai ya ga bakan gizo sun taso daga bango sun haɗu a tsakiyar rufi, an jera azara a tsakaninsu tsaf, ba ƙarfe ba siminti, amma sun ɗauki nauyin ƙasar da ke sama shekara da shekaru. Ɗakunan nuni 11 ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da aka lulluɓe da ƙarfe, da taswirar ganuwa, da sulke da lifidi da takubba, da kayan kiɗa, da kayan saƙa da rini da ƙira, da ɗakin amarya da jerensa. Yara sukan daɗe a gaban ƙyamaren nan suna ƙirga ƙusoshi, suna tambayar mutum nawa ke tura su idan magariba ta yi.

Ɗakin da ya fi dacewa ɗan Wudil ya tsaya a ciki shi ne mai bayanin Yaƙin Basasa. Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuwa suka ƙi, suka fice daga birni ƙarƙashin Yusufu suka yi sansani a Takai. Yusufu ya rasu a Garko, maƙwabciyar Wudil, Alu ya gaje shi ya kuma ci birni a 1894. Wato wani babban yanki na rikicin da ya sauya gidan sarautar Kano a wannan shiyya ta kudu maso gabas aka yi shi, a garuruwan da mutanensu ke cin kasuwar Juma'a ta Wudil har gobe.

Yawancin masu raya gidan da zirga-zirga 'yan makaranta ne da malamansu ke kawowa ziyarar gani da ido, sai ranar 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya, sai kuma lokacin Sallah, da baƙi ke cika Ƙofar Kudu don kallon Hawan Daushe. Hawan Sallar Kano ma ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a Disamba 2024. Amma dogon hutun makaranta, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, shi ne lokacin da ya kamata a fi cin moriyar gidan. Yara ba su da aji, kuma damina ce, lokacin da ginin ƙasa ke shan gwaji. Yaron da ya ga ruwa na zuba ta indararo, ya ga magini na duba rufi yana toshe tsaga, ya ga dalilin da ya sa ake sabunta yaɓe idan ruwa ya ɗauke, ya koyi abin da littafi ba zai koya masa ba.

Kai yara gidan da kula da gininsa aiki ne da ke son mutane masu rajista, masu biyan kuɗin ƙungiya, waɗanda za su ji gidan nasu ne. Misalin yana nan a gida. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda Kenneth Dike da abokan aikinsa suka kafa a Ibadan a 1955, da 'yan ƙungiya ta tsaya da ƙafarta: taron shekara-shekara, da mujallar da ta fara fitowa a 1956. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Abdullahi Smith, wanda daga baya ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Lokacin da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ƙungiyar ce ta yi ta fafutuka har gwamnatin tarayya ta dawo da shi.

Wudil na da mutanen da za su iya kafa ƙungiya irin wannan ta masoya Gidan Makama. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ɗalibanta masu karatun zanen gine-gine, ga Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, ga tsofaffin malamai da suka yi ritaya, ga attajiran Kara, kasuwar shanu. Kuɗin ƙungiya kaɗan a shekara zai ɗauki hayar motar da za ta kai 'yan firamare birni a makonnin hutu, ya biya musu kuɗin shiga, ya kuma taimaka da kuɗin yaɓe. Sauran aikin a Wudil ɗin za a yi shi: matasa su zauna da dattawan Utai su naɗi tarihin Joɓawa a waya, su bi masunta bakin kogi su rubuta sunayen kifaye da na komaye da taru, su tambayi dillalan shanu yadda kasuwar ta bunƙasa, sannan a miƙa wa gidan tarihin kwafin duk abin da aka tattara kafin a koma makaranta a Satumba.