Wa ke da rabo a daren madubin hangen taurari?

A shekarar 1945 Margaret Burbidge ta nemi tallafin bincike daga gidauniyar Carnegie, aka hana ta. Ba aikinta ne bai kai ba. Tallafin ya ƙunshi aiki da madubin hangen nesa na Mount Wilson da ke Kalifoniya, wanda a lokacin maza kaɗai ake bari su yi amfani da shi. Sai bayan shekara 10 ta samu shiga, shi ma da sunan mataimakiyar mijinta Geoffrey, alhali ita ce gwanar duba sama, shi kuwa ya fi ƙarfi a lissafi. Masaukin masu aikin dare na maza ne zalla, don haka aka ajiye su a wani ɗan gida can gefe.

Haka zamanin yake. Manyan madubai, irin mai faɗin inci 200 da aka buɗe a Palomar a 1948, mallakar wasu 'yan cibiyoyi ne masu hannu da shuni. Ɗan gida shi ke samun dare, bare kuwa sai ya san wani. Al'amarin ya fara sauyawa da aka kafa cibiyar Kitt Peak a Arizona a 1958 da kuɗin gwamnatin Amurka. Nan kowane masani na iya rubuto takarda ya bayyana abin da yake son dubawa da dalilinsa, kwamitin takwarorinsa ya zauna ya jera takardun daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni.

Da aka harba madubin Hubble sararin samaniya a 1990, rabon ya ƙara wuya. Ba da dare ake auna lokacinsa ba, da zagayen da yake yi wa duniya ne, kowanne wajen minti 95, kuma abin da ake nema kan ninka abin da ake da shi sau da yawa. Ko an amince da takardarka, da sauran rina a kaba. Madubin ba ya fuskantar kusa da rana, duniya kan tare masa gani a wani ɓangare na zagayen, kuma idan ya ratsa saman kudancin tekun Atlantika, inda haskoki masu lahani suka yi yawa, sai a dakatar da aiki. Saboda haka cibiyar da ke kula da shi a Baltimore ta ƙirƙiri manhajar SPIKE don tsara wa zai bi wa.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni ya zo daga baya. A 2014 Neill Reid, ma'aikacin cibiyar, ya bi bayanan shekaru ya tarar takardun da maza ke jagoranta na samun nasara kashi 23 cikin ɗari, na mata kashi 19. Tazarar ba ta da yawa, amma duk zagayen neman lokaci sai ta dawo. Ina girmama su da ba su rufa wa kansu asiri ba. Sun gayyato Stefanie Johnson daga Jami'ar Colorado ta zauna cikin taron kwamitocin a 2017 tana saurare, ta kuwa ji yadda magana ke barin binciken ta koma kan mai shi: wane ne, ina yake aiki, me ya taɓa yi.

A 2018 aka cire sunaye gaba ɗaya. An hana mai rubutu faɗin abin da zai tona ko shi wane ne, aka kuma zaunar da mutum a kowane kwamiti wanda aikinsa shi ne ya katse duk wanda ya fara cankar sunan mai takarda. Sai an gama jerawa ake buɗe sunayen, don a tabbatar masu neman za su iya aikin. A zagayen neman lokaci na farko mata suka kamo maza, daga baya kuma adadin waɗanda ba su taɓa samun lokaci ba ya ƙaru sosai. Da wannan tsari aka yi babban rabon farko na lokacin madubin James Webb tun kafin a harba shi a ƙarshen 2021.