Daga Alƙalamin Edison Zuwa ChatGPT: Yadda Na'ura Ta Shiga Shagon Masu Zanen Jiki

 Yau za mu leƙa Amurka, mu shiga ɗan shagon masu zanen jiki, wato tatu, mu ga yadda na'urori suka riƙa shigar masa ɗaya bayan ɗaya, har zuwa wannan da ake yayi yanzu, ƙirƙirarriyar basira da aka fi sani da AI. Mun san matsayin mafi yawan malamanmu cewa zanen da ba ya gogewa haramun ne, kuma ba talla muka zo yi masa ba. Mun zaɓi wannan sana'a ne saboda kuskurenta ba ya wankuwa. Tela zai iya warware ɗinki, kafinta ya sake fere katako, amma wanda ya cusa tawada a ƙarƙashin fatar mutum aikin gama ya gama. Shi ya sa tarihinta ke nuna a fili abin da na'ura kan ɗauke wa mai sana'a da abin da take bar masa.

Mu fara daga 1876. A wannan shekara Thomas Edison ya yi rajistar wani alƙalami mai aiki da lantarki. Domin ma'aikatan ofis ya ƙera shi. Allurar da ke bakinsa tana huda takarda da sauri, sai a shafa tawada a kai a fitar da kwafi masu yawa. Alƙalamin bai daɗe yana kasuwa ba. Bayan shekara 15, ranar 8 ga Disamba 1891, wani mai zane a birnin New York, Samuel O'Reilly, ya samu rajistar injin zanen jiki mai lantarki, wanda ya ɗora a kan dabarar Edison. Kenan injin farko na wannan sana'a daga kayan ofis ya fito, kuma za mu ga hakan ya maimaitu.

Kafin O'Reilly, da hannu ake yi. Ana ɗaure allurai a jikin ɗan sanda, a tsoma a tawada, a riƙa soka fata ɗigo bayan ɗigo. Aikin da ke cin yini guda injin ya rage shi sosai. Da aiki ya yi sauri sai farashi ya faɗi, da farashi ya faɗi sai talaka ya shigo. Charlie Wagner, wanda ya yi rajistar nasa injin a 1904, ya ci gaba da aiki a dandalin Chatham Square bayan rasuwar O'Reilly a 1909, kuma ya yi suna da zanen santi 25. Matuƙan jirgin ruwa da sojoji da leburori su ne suka cika masa shago har ya rasu a 1953.

Sai dai sauri ya kawo wata matsala. Hannu ya yi sauri, amma tunanin abin da za a zana bai yi ba. Mai shago ba zai zauna ya ƙirƙiro sabon hoto ga kowane matuƙin da jirginsa zai tashi da asuba ba. Maganin da aka samo shi ne allunan zane da ake liƙawa a bango: zuciya, gaggafa, jirgin ruwa, fure, kowanne da farashinsa. Mutum ya shigo, ya nuna, a yi masa. Ana danganta yaɗuwar waɗannan alluna a farkon ƙarni na 20 ga Lew Alberts, abokin aikin Wagner, wanda ya riƙa zana su yana sayar wa sauran masu shaguna. Daga nan hoton da aka zana a New York sai a gan shi a kafaɗar mutum a Honolulu ko Landan. Masu zane suka riƙa kwafar na juna, wani da izini wani babu. Gardamar wa ke da hoto, wadda muke ji yau a kan AI, ta girmi kakanninmu.

Mataki na gaba ma daga ofis ya zo. Da can ana kankare layukan hoto a kan wata roba mai kauri, a zuba garin gawayi a cikin layukan, a shafa mai a fata, a danna robar, sai hoton ya fito a bi shi da allura. A 1950 kamfanin 3M ya fito da Thermo-Fax, injin kwafar takardu da zafi. Da ofisoshi suka koma wasu injina suka yar da shi, masu zanen jiki suka tsince shi, domin yana fitar da hoto a takardar da ake mannawa a fata cikin ɗan lokaci. Har yanzu akwai shagunan da ke riƙe da tsofaffin injinan.

To, duk wannan sauri bai hana bala'i ba. A 1961 hukumar lafiya ta birnin New York ta haramta sana'ar gaba ɗaya, bisa hujjar yaɗuwar ciwon hanta nau'in B. Haramcin bai tashi ba sai 1997, shekara 36 kenan, a garin da aka haifi injin. Injin ya ninka yawan mutanen da ake yi wa aiki a rana, amma tsabtar allura da tawada ta rage a wuyan mai shago, kuma da zargi ya taso ba injin aka rufe ba. Shagunan da suka tsira a wasu garuruwa su ne waɗanda suka rungumi tukunyar turara kayan aiki da tururi mai matsi, daga baya kuma safar hannu da allurar da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Hukumomi suka shigo da dokoki. A Birtaniya, alal misali, dokar 1969 ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Da dokoki suka yawaita sai takardu suka yawaita: takardar amincewa, shaidar shekaru, tambayoyin lafiya, lasisi.

A ɗaya ɓangaren kuma wasu suka gaji da allunan bango. A 1974 Ed Hardy ya buɗe shagonsa mai suna Realistic Tattoo a San Francisco, inda sai an yi alƙawari ake zuwa, kuma kowa ana zana masa nasa na kansa. Wannan salo ya ɗaga darajar sana'ar, amma ya ƙara wa mai ita nauyi. Yanzu sai ya saurari mutum, ya zana, ya gyara, ya sake gyarawa, tun kafin a taɓa allura. Da Instagram ya fito a 2010, bangon shago ya koma cikin waya. Kwastoma ya daina bin titi yana leƙe, ya koma aiko saƙo da tsakar dare: nawa ne, yaushe akwai wuri, ga hoton da nake so. Bincike na cibiyar Pew a 2023 ya nuna kashi 32 cikin 100 na manya a Amurka suna da zane aƙalla ɗaya. Kasuwa ce babba, amma mai ɗan shago ya wayi gari shi ne mai zane, shi ne sakatare, shi ne akawu, shi ne mai talla, alhali kuɗi ba sa shigowa sai lokacin da allura ke aiki.

A wannan hali 2022 ta same su. A watan Yuli Midjourney ya buɗe wa jama'a, a Agusta Stable Diffusion ya biyo baya, manhajoji ne da ake rubuta musu magana su mayar da ita hoto. Ranar 30 ga Nuwamba ChatGPT ya fito. Karo na uku kenan da kayan da ba don su aka yi ba suka shigo shagon.

Amfanin a fili yake, kuma mafi yawansa a kan tebur yake, nesa da fata. Manhaja tana iya amsa tambayoyin da ake maimaitawa, ta tsara ranaku, ta tuna wa mutum alƙawarinsa da kuɗin kafin alƙalami, ta rubuta daftarin talla, ta jera kuɗin shiga da na fita, ta fassara saƙon baƙo. Tana kuma taimaka wa kwastoman da ya kasa bayyana abin da ke ransa ya zo da hoton da za a fara magana a kansa. Ga mutum ɗaya mai kujera ɗaya, samun sa'o'in da saƙonni ke cinyewa ba ƙaramin abu ba ne.

Amma tarihi ya koya mana mu tambaya: me ta bari? Na farko, fata. Ana zuba tawada ne a zurfin milimita 1 zuwa 2, kuma da shekaru layuka kan ɗan bazu. Hoton da manhaja ta fitar yakan zo da siraran layuka a cunkushe da inuwa mai kyau a fuskar waya, waɗanda bayan shekaru za su haɗe su zama dunƙulen baƙi. Manhajar ba ta ga gwiwar hannun da ke lanƙwashewa ba, ba ta ga tabo ko launin fatar mutumin ba. Dole mai zane ya sake zana hoton da hannunsa, ya buɗa layuka, ya rage tarkace. Haka rubutu a harshen da ba a sani ba. A 2019 mawaƙiya Ariana Grande ta sa aka rubuta mata haruffan Japan a tafin hannu da nufin zobba bakwai, sai ya fita da ma'anar ɗan murhun gasa nama. Wannan ya faru tun kafin ChatGPT, kuma manhajar da kan ba da amsar kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa ba ta kawar da irin wannan haɗari ba.

Na biyu, mallaka. A Janairun 2023 wasu masu zane uku suka kai Stability AI da Midjourney da DeviantArt kotu a California, suna cewa an horar da manhajojin da ayyukansu ba da izini ba. A Agustan wannan shekara wata kotun tarayya a Washington ta yanke cewa hoton da na'ura ta yi ita kaɗai ba shi da kariyar haƙƙin mallaka, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da haka a 2025. Mu tuna cewa zanen jiki dukiya ce da ake shari'a a kanta: a 2011 wanda ya yi wa Mike Tyson zanen fuska ya kai kamfanin Warner Bros. kotu saboda an kwaikwayi zanen a wani fim, aka ƙare da sulhu. Mai shagon da ya cika shafinsa da hotunan manhaja zai iya rasa abin da zai kira nasa, kuma idan ya nuna su kamar aikin hannunsa ne ya ci amanar mai zuwa.

Na uku, magana. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin Air Canada ya biya wani fasinja diyya saboda manhajar hira ta shafinsa ta ba shi bayanin da ba daidai ba a kan rangwame. Kamfanin ya yi ƙoƙarin nisanta kansa da manhajar, kotu ta ce abin da ke shafinka naka ne. Idan katafaren kamfani bai kuɓuta ba, ina ga mai ɗan shago da manhajarsa ta faɗi farashin da ba shi ba, ko ta ce wa wanda zanensa ya kumbura yana fitar da ruwa ya jira, alhali asibiti ya kamata ya nufa? Magana zarar bunu ce. Ga kuma bayanan lafiya da katin shaidar kwastomomi, waɗanda bai kamata a riƙa loda wa kowace manhaja ba.

Har allurar ma an fara nema. A 2023 kamfanin Blackdot na birnin Austin a Texas ya gabatar da na'urar da ke auna fata ta zuba tawada ɗigo-ɗigo da kanta. Abin lura, mutum ne ke tsaye a kanta, mutum ne ke shirya fata, kuma mutum za a nema idan abu ya ɓaci. Binciken Pew da muka ambata ya ce kashi 24 cikin 100 na masu zane suna nadamar aƙalla ɗaya daga cikin zanensu. Wanda zai kalli matashi ya ce masa je ka yi tunani ka dawo gobe, ko da zai rasa kuɗin yau, har yanzu mai shago ne.

Idan muka haɗa tarihin daga 1891 zuwa yau, abu ɗaya ke maimaituwa. Injin O'Reilly ya ɗauke wahalar hannu, allunan Alberts suka ɗauke wahalar neman hoto, Thermo-Fax ya ɗauke wahalar kwafi, ƙirƙirarriyar basira tana ɗauke wahalar saƙo da lissafi. A kowane karo alhaki ya tsaya a wuyan mai sana'a, kuma waɗanda suka manta da haka sun ga abin da ya faru a 1961.

Wannan darasi ya shafe mu. A cikinmu akwai masu ƙunshi da zanen lalle da ke karɓar aikin biki ta WhatsApp, akwai teloli da masu aski da masu ɗab'i, kuma wasu sun fara tambayar ChatGPT ya rubuta musu talla ko ya fitar musu da samfuri. A ba shi abin da za a iya dubawa a gyara kafin ya fita. Abin da ya shafi lafiyar mutum, ko alƙawarin kuɗi, ko sunan da aka yi shekaru ana ginawa, mai shi ya karanta da idonsa kafin ya tura.

Masu sana'a a cikinmu, wane aiki kuka miƙa wa manhaja, wane kuma kuka ƙi sakar mata? Mu ji daga gare ku. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.