Yadda Gita Ta Shiga Kiɗan Abzinawa

A ƙasar Hausa kowane kiɗa da kayansa. Kakaki na sarki ne, kalangu an san shi da mahauta, garaya kuwa da maharba. Saboda haka mutum yakan ɗauka idan babu kayan to babu kiɗan. Amma tarihin Abzinawa, wato Buzaye mazauna hamada a Nijar da Mali da Aljeriya, ya nuna maganar ba ta tsaya nan ba.

Tun kaka da kakanni manyan kiɗe-kiɗensu biyu a hannun mata suke. Na fari shi ne imzad, ɗan'uwan goge ne, ƙwarya ce da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Mace ce take goga shi, maza kuwa su rera waƙa ko su yi shiru su saurara. Na biyu shi ne tende, wanda ba kome ba ne sai turmin daka. Ranar biki akan ɗaura masa fatar akuya, a ja ta da taɓare biyu, a riƙa yayyafa mata ruwa domin muryar ta yi daɗi. Mata su kewaye shi da tāfi da amshi, wata kuma tana bugun ƙwaryar da aka kife a kan ruwa, kamar yadda matan Hausawa suke yi, maza suna zagayawa a kan raƙuma. Sa'ad da biki ya watse sai a kwance fata, turmi ya koma aikinsa na gero. Akwai kuma tehardent, mai kama da molo, amma wannan na gidajen maroƙa da maƙera ne, ɗan babban gida ba ya taɓa shi.

Wahala ce ta sauya wannan tsari. A 1963 aka yi tawaye a yankin Kidal na Mali, sojoji suka murƙushe shi. Sa'an nan fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984, dabbobi suka ƙare. Samari da yawa suka bar rugagensu zuwa Aljeriya da Libiya neman abin kai wa baka. Aka sa musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A can babu mata masu imzad, babu raƙuman zagaya tende, gama baƙo a bayan gari ba shi da biki.

Ɗaya daga cikinsu, Ibrahim Ag Alhabib, an kashe mahaifinsa a tawayen 1963 tun yana ƙaramin yaro. Gitarsa ta fari da hannunsa ya haɗa ta, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Wajen 1979 ya haɗu da abokai a Tamanrasset, daga nan ƙungiyar Tinariwen ta samo asali. Abin lura shi ne ba su buga gita yadda Turawa suke bugawa ba. Babban yatsa yana ta nanata murya ɗaya a tsirkiyar ƙasa, sauran yatsu suna bin waƙa, tāfi da amshi kuwa na tende ne sak. Wato kayan baƙo ne, amma kunnen da ya shirya kiɗan a gindin turmi ya girma. Suka kira shi assouf, ma'ana kewa. Waƙoƙinsu suka bazu a kaset daga hannu zuwa hannu, har a lokacin tawayen da ya fara a 1990 riƙe irin kaset ɗin ya zama abin da zai jefa mutum cikin hatsari. A Nijar Abdallah Ag Oumbadougou ya bi wannan hanya. An sa hannu a kan sulhun Nijar ran 24 ga Afrilu 1995, a 2012 kuma Tinariwen ta karɓi kyautar Grammy a Amurka.

Duk da haka kada a ce kayan ba su da nasu rabo. Gita tana da ƙarafa gicciye a wuyanta masu yanka murya daki-daki, izgar imzad kuwa tana zamewa daga murya zuwa murya kamar kukan mutum. Gita ta kuma ɗauke kiɗa daga hannun mata ta ba samari. Masu goga imzad suka yi ta raguwa, yawancinsu tsofaffi, ko da yake a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Na baya ma ba su jira kayan kanti ba. Mdou Moctar na Nijar, bahago ne, shi ma da katako da wayar keke ya fara, kafin ya kai ga gitar lantarki da yawon duniya. A ƙauyen Illighadad kusa da Abalak, wata yarinya, Fatou Seidi Ghali, ta koya wa kanta da gitar wanta. Faifan da ita da 'yar'uwarta suka fitar a 2016 gefe ɗaya gita ne, ɗaya gefen kuwa tende ne da muryoyin matan ƙauyen.